Komoros da Mayot: waye ya yi dabara, wanda ya karɓi 'yanci ko wanda ya zauna da Faransa?

Sabi'u Tudun Wada: Salamu alaikum jama'a. Zan jefo wata magana, na kuma san 'yan'uwanmu na Nijar ba za su ji daɗinta ba. Tsibiran Komoros huɗu ne, suna tekun Indiya tsakanin Mozambik da Madagaska: Ngazija, Anjuwan, Moheli da Mayot. A Disambar 1974 Faransa ta shirya musu ƙuri'ar raba gardama. Uku suka zaɓi 'yanci, Mayot ta ce ita tana nan da Faransa. Yau mutanen tsibiran ukun nan ne suke cika kwalekwale da daddare, suna halaka a teku, don su isa wurin wanda ya ƙi 'yancin. Ban taɓa jin wanda ya sato jiki daga Mayot ya gudu Moroni, babban birnin Komoros, ba. To don Allah waye ya yi dabara?

Isufu Maraɗi: Wa alaikumus salam. Malam Sabi'u, ka ɗauko labarin daga tsakiya. Ƙuri'ar 1974 ta ƙasa ɗaya ce, kuma in an haɗa tsibiran huɗu kusan kashi 95 cikin ɗari sun ce 'yanci. Bayan an ga sakamako ne Faransa ta ce a'a, tsibiri-tsibiri za a ƙirga. A ina aka taɓa yin haka a Afirka? Da an bi kowace ƙasa gunduma-gunduma a 1960, da ba ƙasar da za ta fita da iyakarta. Ahmed Abdallah, shugaban gwamnatin tsibiran a lokacin, ya ga abin da ake ƙullawa, ya ayyana 'yanci ranar 6 ga Yulin 1975 ba tare da ya jira izinin kowa ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta karɓi Komoros a matsayin ƙasa mai tsibirai huɗu. Da maganar ta je Kwamitin Sulhu a Fabrairun 1976, Faransa ta hau kujerar naƙi ita kaɗai. Je ka dubi tutar Komoros, har yau taurari huɗu ne a kanta.

Sabi'u Tudun Wada: Taurari huɗu a ƙyalle ba su sa jirgi ya daina nutsewa ba, Malam Isufu. Kuma mutanen Mayot ba sau ɗaya aka tambaye su ba. An sake tambayarsu a 1976, an kuma tambaye su a 2009, kashi 95 suka ce a mayar da su cikakkiyar gundumar Faransa, aka kuma yi hakan a 2011. Ko dole ne a 'yanta mutum yana cewa ba ya so?

Abdulƙadir Gwammaja: Bari in sa baki. Na yi karatu a Sudan tare da wasu 'yan Komoros, daga baya na je Ngazija bikin ɗayansu, na kuma tsallaka Anjuwan. Abin da ya sa Mayot ta ƙi bin sauran ba son Bature ba ne kawai, tsohuwar jiƙaƙƙa ce tsakaninsu. Mayot ce Faransa ta fara mallaka, tun 1841, daga hannun wani sarki Andriantsoly wanda shi kansa daga Madagaska ya zo. Sauran ukun sai 1886 suka shiga ƙarƙashin kariyarta. Duk tsawon zamanin nan fadar mulki a Mayot take, a garin Jawuji. Da aka yanke shawarar mayar da babban birni Moroni a ƙarshen shekarun 1950, ma'aikata suka kwashe, albashi ya bi su, aka bar matan Mayot da gidaje ba maza ba kuɗi. Ga kuma tsoron manyan Anjuwan waɗanda suka riga suka mallaki filaye a can.

Matan nan ne suka ɗauki gwagwarmayar. Jagorarsu Zena Mdere. In wani ɗan siyasa ya sauka daga Moroni, sai su yanyame shi su yi ta yi masa cakulkuli har ya rasa numfashi, hula ta faɗi, girma ya zube, ya koma jirgi. Ba dokar da ta hana cakulkuli, don haka ba abin da za a kama su da shi.

Hajiya Binta Mai Turare: Kai Malam Abdulƙadir, cakulkuli? Wallahi na yi dariya har yara suka leƙo. A aiko mana da matan nan kafin zaɓe mai zuwa, muna da mutanen da za mu nuna musu.

Awwalu Kumasi: Ni dai in za a ci gaba da ambaton ƙasar nan zan fita daga zauren nan sai kun gama.

Ɗanladi Garwa: Zauna Alhaji Awwalu, ina za ka? Jama'a, wanda bai san ciwonsa ba, ina cikin filin Rumde Ajiya a nan Garwa ranar 18 ga Janairun 2022. Zuwan Komoros gasar cin kofin Afirka na farko ke nan, ba su taɓa jefa ƙwallo ko ɗaya a gasar ba sai ran nan. Minti huɗu da take wasa Ben Nabouhane ya zura. Andre Ayew ya taka golansu aka ba shi jan kati. Gana ta farke biyu, muka ce to shi ke nan, girma ya dawo, sai Ahmed Mogni ya ƙara ta uku ana dab da tashi. Ƙasar da ta ɗauki kofin sau huɗu ta tattara kayanta tun a rukuni.

Awwalu Kumasi: Bayan kwana biyar a wannan filin dai Tunisiya ta kori Najeriya, amma ban ji kana ba da wannan labarin ba.

Ɗanladi Garwa: Ni ɗan Kamaru ne, wannan tsakaninka da su Malam Sabi'u. Mu ne ma muka fitar da Komoros ɗin a Yawunde, amma ban yi alfahari da wasan ba. Gola ɗaya ya ji rauni, biyu korona ta kama su, sai ɗan bayansu Chaker Alhadhur aka sa a raga, aka liƙa masa lamba da salatif a bayan riga. Minti bakwai aka kori kyaftin ɗinsu. Duk da haka da ƙyar muka sha da ci biyu da ɗaya. Sannan ku Gana kun sake zuwa Moroni a Nuwambar 2023 suka ƙara muku ɗaya.

Isufu Maraɗi: A bar ƙwallo a dawo kan magana. Malam Sabi'u yana tambaya me ya sa tsibiran uku suka talauce, kamar an bar su ne su yi mulkinsu cikin lumana. Wata ɗaya bai cika da 'yanci ba aka kifar da Ahmed Abdallah, da hannun wani sojan haya Bafaranshe, Bob Denard. Bayan 'yan watanni Ali Soilih ya hau. A Mayun 1978 Denard ɗin dai ya sauko daga jirgin ruwa da mutum kamar 50, ya kifar da Soilih, bayan 'yan kwanaki aka harbe shi aka ce wai gudu zai yi. Ya dawo da Abdallah, shi kuma ya riƙe dogaran fadar shugaban ƙasa fiye da shekara goma. Ya ce ya musulunta, ya zama Said Mustapha, ya auri 'yar ƙasa. Gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ce take biyan dogaran nan, tana amfani da tsibiran wajen kauce wa takunkumi. A Nuwambar 1989 aka kashe Abdallah a ofishinsa, Denard yana wurin. A 1995 ya sake dawowa da mutum 30 da ɗoriya ya kama Shugaba Djohar. Shi ne fa mutumin da ya kai hari Kwatano a Janairun 1977 don ya kifar da shugaban Benin Kerekou, aka fatattake shi. Mutum ɗaya ya yi ta juya ƙasa shekara 20, ya mutu a gadonsa a Faransa a 2007. Sannan a ce me ya hana ku ci gaba?

Sabi'u Tudun Wada: Ban musa ko ɗaya ba. Amma Denard bai taɓa sauka ba sai da ɗan ƙasa ya buɗe masa ƙofa. Kuma rabonsa da tsibiran tun 1995. Me ya biyo baya? A 1997 Anjuwan da Moheli suka ɓalle, mutanen Anjuwan suka ɗaga tutar Faransa suna roƙon ta dawo ta karɓe su, ita ce ma ta ce ba ta so. A 1999 Kanar Azali Assoumani ya yi nasa juyin mulkin. Aka zauna a Fomboni, babban garin Moheli, aka yi yarjejeniya mai kyau a 2001, cewa shugabanci zai riƙa zagayawa tsakanin tsibiran uku. Ya kuwa zagaya: Azali na Ngazija, Sambi na Anjuwan a 2006, Ikililou na Moheli a 2011. Da Azali ya dawo a 2016 sai ya shirya ƙuri'ar gyaran tsarin mulki a 2018 don ya zarce, kuma ya zarce. Shi kuma Sambi, a zamaninsa aka yi dokar sayar da fasfo ga marasa takardar ɗan ƙasa na Daular Larabawa da Kuwait, mutanen da ba su taɓa ganin Moroni ba. Kuɗin suka yi ɓatan dabo, a 2022 aka yanke masa ɗaurin rai da rai. Wanne daga ciki Bature ya yi?

Usman Kasala: Magoya bayan Sambi suna cewa shari'ar siyasa ce, don shi ne babban abokin hamayyar Azali. Ƙarin bayani kuma, a Maris na 2008 sojojinmu na Sudan da na Tanzaniya ne suka shiga Anjuwan da sunan Tarayyar Afirka suka kori shugaban tsibirin, Kanar Mohamed Bacar, da ya ƙi sauka. Ku tambayi inda ya gudu. Kwalekwale ya shiga sai Mayot.

Isufu Maraɗi: Ka ji ko. Kullum bakin zaren can yake komawa.

Abdulƙadir Gwammaja: Ku biyun kuna ta maganar fada da bariki, amma abin da na gani da idona a ƙauye ya fi ba ni amsa. Kuɗi suna shiga Komoros. Ƙasa ce da mutanenta ba su kai miliyan ɗaya ba, amma 'yan ci-raninta sun cika Faransa, musamman birnin Marsey. Abin da suke aikowa gida ya kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na tattalin arzikin ƙasar. Tambayar ita ce ina kuɗin ke tafiya.

A Ngazija akwai abin da suke kira anda, wato babban aure. Mutum zai iya yin ƙaramin aure irin na sunna, ya haifi 'ya'ya, har su girma, amma a idon gari yaro ne muddin bai yi anda ba. Kowane ƙauye yana da dandali da suke kira bangwe, inda ake yanke shawarar gari. Wanda bai yi anda ba, ko da digiri uku gare shi, ba ya magana a nan, sai dai ya saurara. A masallacin Juma'a ba ya shiga sahun gaba. Akwai alkyabba mai aikin zinare da wani mayafi da ake ratayawa a kafaɗa, bai isa ya sa su ba. In an yanka sa, rabon nama ma da matsayi ake yinsa.

Abokin nawa sai da ya haura shekara arba'in, kuma matarsa ta da ce dai ya sake aura, uwar 'ya'yansa. Yayansa yana gadi a Marsey, ƙanwarsa tana aikin shara a ofisoshi, duk sun yi shekaru suna tarawa. Ana yin bukukuwan ne a Yuli da Agusta lokacin da 'yan Faransa suke hutu. An fara da majalisi, maza cikin fararen riguna da huluna masu aikin hannu, ana karatu da salatin Annabi. Sai jaliko, a bi titi ana rawa a jere. Sai daren twarab, kiɗa irin na Zanzibar. Sai ukumbi na mata, inda ake fito da amarya. Ranar kai ango kuwa, zinaren da zai ba amarya a kan wani allo mai baƙin ƙyalle aka jera shi, sarƙoƙi da warawarai da tsabar zinare, aka ɗaga sama ana zagaya gari da shi don kowa ya gani ya ƙiyasta. Ana maganar dubun-dubatar yuro a biki ɗaya. A ƙauyen nan kuma wutar lantarki sai an ga dama, asibiti mai kyau sai an haye teku.

Hajiya Binta Mai Turare: Tsaya Malam, ka ce kai ango? Ba kai amarya ba?

Abdulƙadir Gwammaja: Ango ake kaiwa, Hajiya. Gidan na mace ne. Tun yarinya tana ƙarama ubanta da kawunta suke fara sa bulo, shi ya sa ko'ina ka duba za ka ga gini rabi da ƙarafa a tsaye. Miji shi ke tarewa. In aure ya mutu shi zai ɗauki jakarsa. Akwai kuma filayen dangi da suke kira manyahuli, waɗanda suke bin tsatson uwa, daga uwa zuwa 'ya'yanta mata.

Hajiya Binta Mai Turare: Allahu Akbar. Ashe akwai inda ake sakin mace ba a watso mata kaya waje ba. Malam Sabi'u, ni dai na sami amsar tambayarka, waɗannan su suka yi dabara.

Ustaz Nura Funtuwa: Hajiya, a yi hattara. Mutanen nan Musulmi ne 'yan Sunna, mazhabar Shafi'i suke bi, kuma Musulunci ya daɗe a can, tsohon masallacin Juma'a na Moroni tun ƙarni na 15 yake. To ta yaya za a ware fili a ce mata kaɗai ke gadonsa alhali Allah ya riga ya raba gado? Sahun gaba kuma na wanda ya riga zuwa ne, ba na wanda ya fi yanka shanu ba. Wannan anda almubazzaranci ne da aka yi wa rawani.

Abdulƙadir Gwammaja: Allah gafarta Malam, maganar sahu ba ni da ta cewa, kuma matasansu da suka yi karatu a Madina da Sudan suna faɗar irin abin da ka faɗa a kan mumbari. Batun fili kuwa, yadda na fahimce shi ya fi kama da waƙafin dangi, ba mallakar mutum ɗaya ba ne balle a raba in ya mutu. Abin da mutum ya nema da guminsa ana raba shi yadda shari'a ta ce. Gina wa 'ya gida kuma kyauta ce uba ya yi da ransa.

Ustaz Nura Funtuwa: Kyautar da aka ware wasu 'ya'ya aka bar wasu, ita ma akwai magana a kanta. Amma mu bar shi, ba zauren fatawa ba ne.

Hajiya Binta Mai Turare: Ni abin da nake so in sani, kuɗin da ake kashewa ƙonewa suke yi? Ai wani ne yake karɓa. Mai shanu ya samu, maƙerin zinare ya samu, mai ɗinki ya samu.

Abdulƙadir Gwammaja: Kin taɓo wurin. Akwai mata da ke zaune da littafi suna rubuta duk abin da kowa ya kawo, da sunansa da adadinsa. Ba kyauta ba ce, bashi ne, ranar naka bikin za a maido.

Hajiya Binta Mai Turare: To ai bikinmu ne na mata sak, in kawo miki dubu biyar ranar sunanki, ki maido mini dubu goma ranar nawa.

Abdulƙadir Gwammaja: Haka yake, sai dai nasu ya haɗa gari duka. Kuma daga irin kuɗin da ake tarawa a daren twarab da ƙungiyoyin 'yan ci-rani ake gina makaranta, a shimfiɗa siminti a hanyar ƙauye, a gyara masallaci. Abin da gwamnati ba ta yi, gari ne ke yi. Matsalar ita ce shinkafar daga waje take, zinaren daga Dubai, shanun ma da yawa daga Tanzaniya ko Madagaska ake shigo da su. Kuɗin suna sauka Moroni ne su juya su fita. Ali Soilih da Malam Isufu ya ambata ya yi yunƙurin kashe al'adar da ƙarfin tsiya, ya hana anda, ya hana kashe dukiya a zaman makoki, ya saki 'yan samari suna ci wa dattawa mutunci a bangwe. Shi ya sa ranar da Denard ya kifar da shi mutane da yawa murna suka yi. Wannan ɓangaren ba a cika faɗarsa ba.

Dakta Rakiya Samaru: Ina ta karantawa, na ga ba wanda ya yi maganar ƙasar kanta, alhali ita ce ke yanke wa mutane abin da za su iya. Tsibiran uku in an haɗa ba su kai murabba'in kilomita 2,000 ba, kuma duk aman wuta ne ya haife su. A Ngazija dutsen Kartala yake, tsayinsa mita 2,361, kuma yana raye. A 1977 narkakken dutse ya bi ta ƙauyen Singani, a 2005 ya yi aman toka sau biyu. Ga abin mamaki: ana tafka ruwan sama a tsibirin, amma babu kogi ko ɗaya mai gudana duk shekara, saboda dutsen huhu-huhu ne, ruwa na sauka yake zurarewa ƙasa. Don haka kowane gida da tankin siminti na tara ruwan sama. In Kartala ya yi toka, cikin tankunan nan take zuba, gari ya wayi gari ba ruwan sha.

Anjuwan kuma tana da koguna, amma mutane sun yi mata yawa, an sare daji har kan gangaren duwatsu, yawancin kogunan da aka sani suna gudana duk shekara yanzu sai da damina. Daga wannan tsibirin ne kwalekwalen da Malam Sabi'u yake magana suke tashi, kuma ba banza ba. A ragowar dajin ne wani ƙaton jemage yake, wanda in ya buɗe fukafukai suna kusan mita ɗaya da rabi, babu shi ko'ina a duniya sai Anjuwan da Moheli, kuma waɗanda suka rage ba su fi dubu ɗaya da 'yan ɗari ba. Moheli ce mai sauƙin jama'a, an kafa gandun kare halittun teku a can a 2001, kunkuran teku suna fitowa yin ƙwai a gaɓar ƙauyen Itsamiya, mutanen ƙauyen da kansu suke gadinsu da dare.

Ɗanladi Garwa: Dakta, kifin da ke jikin rigar 'yan ƙwallonsu fa? An ce mana wai ya girmi kowa.

Dakta Rakiya Samaru: Gombesa suke ce masa. Masana sun san irinsa ne a jikin duwatsu kawai, sun ɗauka ya ƙare tun shekara miliyan 66 da suka wuce. Sai a 1938 aka kamo ɗaya a gaɓar Afirka ta Kudu. Wani masani, J.L.B. Smith, ya yi shekara 14 yana neman na biyu, ya raba takardu a gaɓar gabashin Afirka da alkawarin fam 100 ga wanda ya kawo. A Disambar 1952 wani masunci ya kamo shi a Anjuwan, har sai da firaministan Afirka ta Kudu ya ba Smith jirgin soja ya je ya ɗauko. Su kuwa masuntan sun daɗe da saninsa, ba sa ma murna in ya kama ƙugiya, don namansa mai ne zalla, yana sa gudawa. Ɓawon jikinsa mai kaushi suke amfani da shi su kankare tiyub ɗin keke in za su yi faci. Yana kai kusan mita biyu, yana zaune cikin kogunan dutse a zurfin kamar mita 200.

Hajiya Binta Mai Turare: Dakta, ni ta ɓangaren sana'ata na san sunan ƙasar. Man ilang-ilang da ke cikin manyan turarukan Faransa, har da Chanel No. 5, Komoros ce kan gaba a duniya wajen samar da shi. Ga kanumfari ga banila. Yaya ƙasa mai wannan za ta rasa?

Abdulƙadir Gwammaja: Na tsaya a wurin da ake dafa shi a Anjuwan, Hajiya. Mata ne ke fita tun asuba su tsinko furen, ruwan ɗorawa ne mai dogayen kunnuwa, ana danne rassan bishiyar tun tana ƙarama don hannu ya kai. A auna musu a kilo a biya su abin da bai taka kara ya karya ba. Sai a zuba furen cikin wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe a rufe, a yi ta cusa itace a ƙasa kusan kwana guda, tururi ya bi bututu ya ratsa ruwan sanyi, man ya riƙa ɗiga cikin kwalba. Sai an dafa fure kilo 40 zuwa 50 kafin a sami lita ɗaya. Mutumin da ke kula da wutar idonsa jawur, ga tulin itace a gefe ya fi tsayina. Wannan itacen shi ne dajin da Dakta ta ce ya ƙare. Man kuma ɗanye yake fita, a can Faransa ake haɗa shi a sa a kwalba a ɗora masa suna da farashi.

Isufu Maraɗi: Mu da muka yi shekaru muna kallon motocin yuraniyom suna fita daga Arlit ba sai an yi mana bayani ba. Kuɗinsu ma irin namu ne, faran ɗinsu a ɗaure yake da yuro, kusan 492 a yuro ɗaya, mu sefa 656. Malam Sabi'u, wannan ne 'yancin da kake cewa ya gaza? Ba a ma gwada shi ba tukuna.

Sabi'u Tudun Wada: Shekara 50 ana cewa ba a gwada ba. Uwar da ta sa ɗanta a kwalekwale ba ta da lokacin jiran gwaji. A Mayot akwai asibitin haihuwa, akwai makaranta, akwai albashi da yuro.

Dakta Rakiya Samaru: Akwai, amma kada a zaci aljanna ce. Ita ce gundumar Faransa mafi talauci, sama da kashi uku cikin huɗu na mutanenta suna ƙasa da ma'aunin talauci na Faransa. Kusan rabin mazaunanta ba su da takardar zama 'yan Faransa, yawancinsu 'yan Anjuwan, a gidajen kwano a kan tudu. A 2023 famfo ya riƙa yin kwanaki ba ruwa, a shekarar ce kuma aka turo 'yan sanda da jandarmomi suna rushe unguwannin kwanon suna mayar da mutane. Da guguwar Chido ta zo a Disambar 2024, waɗannan unguwannin ta fara sharewa.

Sannan mutuwar teku tana da ranar farawa. Kafin 1995 mutane suna haye kilomita 70 ɗin nan yadda suka saba tun kakanni, a je biki, a je jinya, a je gaida dangi, don yare ɗaya ne, addini ɗaya, aure ya haɗa su. A Janairun 1995 gwamnatin firaministan Faransa Balladur ta sa biza. Daga nan aka koma tafiyar dare a ƙananan jiragen da suke kira kwasa-kwasa. Wani rahoton majalisar dattawan Faransa na 2012 ya ƙiyasta mutum 7,000 zuwa 10,000 sun mutu a wannan mashigin tun sa bizar. A 2017 Macron ya yi raha da jiragen nan, wai ba kifi suke kamowa ba, 'yan Komoros suke kawowa, har sai da Moroni ta nuna fushinta.

Sabi'u Tudun Wada: To Dakta, a cire bizar gobe. Mutum nawa za su kwana a Anjuwan?

Dakta Rakiya Samaru: Da yawa za su tafi, wasu kuma za su je su dawo, abin da bizar ta hana ke nan, don wanda ya sha wuya ya shiga ba ya yarda ya fito. Amma ba za a cire ba, domin mutanen Mayot da kansu ne suka fi kowa neman a ƙara tsanantawa. Su ke tare hanyoyi suna zanga-zanga a kori baƙi, kuma baƙin nan 'ya'yan ƙannen iyayensu ne. A zaɓen shugaban Faransa na 2022 Marine Le Pen, mai adawa da shigowar baƙi, ce ta fi samun ƙuri'a a can, tsibirin da kusan kowa Musulmi ne.

Isufu Maraɗi: Inna lillahi. An raba gida ɗaya, an ba ɗaki ɗaya tukunya, sannan an ba shi sanda ya tsare ƙofa.

Sabi'u Tudun Wada: Ba a ba su sanda ba, Malam Isufu, su suka nema, sau uku kuma a akwatin zaɓe. Ni har yanzu ban ji wanda ya ce mini da shi ɗan Mayot ne zai zaɓi komawa ƙarƙashin Moroni ba. Kai za ka zaɓa?

Isufu Maraɗi: Zan zaɓa, in Faransa ta fita da hannunta daga sauran ukun.

Sabi'u Tudun Wada: Da sharaɗi ke nan. Su ba a ba su takarda mai sharaɗi ba, i ko a'a aka ce.

Hajiya Binta Mai Turare: Ku ci gaba, ku ba gajiya kuke yi ba. Malam Abdulƙadir, ni kanumfarin nake so. Ta ina ake bi, kuma yaushe ne kakarsa?

Abdulƙadir Gwammaja: Jirgi ta Adis Ababa ko Nairobi zai sauke ki Moroni, daga nan ki nemi ƙaramin jirgin sama zuwa Anjuwan, kada ki yarda a sa ki a kwasa-kwasa ko da an ce ya fi araha. Babbar tashar jiragen ruwa tana Mutsamudu, can dillalan suke. Wajen Agusta zuwa Oktoba za ki tarar an shanya shi a tabarmi har bakin titi. Ki tafi da mai jin Faransanci ko Larabci, Turancin Ingila ba zai kai ki ko'ina ba. Ki kuma fara tambayar farashin Zanzibar da na Madagaska kafin ki sayi tikiti, don kuɗin dakon kaya daga can zuwa Legas zai iya cinye ribar.